Ina Iyakar Abuja Ta Tsaya? Jawabi Zuwa Ga Jama'ar Gwarzo da Kabo

Wannan takarda ta fito zuwa ga dattawa da malamai da manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Gwarzo da ƙasar Kabo, da duk wanda ta isa hannunsa ko aka karanta ta a gabansa.  

Ku sani, ya 'yan'uwa, cikin shekara biyar an ɗauke ƙasashenku daga hannun sarki zuwa hannun sarki har sau biyu. A watan Mayu na 2019 Majalisar Dokokin Kano ta yi doka, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu, aka raba masarautar Kano gida biyar, aka ce Gwarzo da Kabo su bi Karaye. Kotun jiha ta soke dokar a watan Nuwamba, majalisa ta sake yin wata a watan Disamba, al'amari ya zauna. Sa'an nan ran 23 ga Mayu 2024 majalisar nan ɗaya ta rushe abin da ta gina, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu, aka mayar da Muhammadu Sanusi na biyu kan gado. Da aka sake kafa Karaye a watan Yuli a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, aka bar mata Karaye da Rogo kaɗai, ku kuma kuka koma Kano. Hakimanku sun kai caffa can, sun dawo sun kai nan. Duk ba a tara ku an tambaye ku ba, kuma za mu dawo ga wannan a gaba. Amma mas'alar da muke so mu fara warwarewa ita ce, wane ne ke da ikon yin wannan abu, mai kyau ne ko mummuna? Kano ce ko Abuja?

Jawabi yana cikin tsarin mulkin 1999, wanda kowane gwamna da kowane shugaban ƙasa ke rantsuwa da shi. Sashe na 2 ya ce Nijeriya ƙasa ɗaya ce wadda ba ta rabuwa, kuma tarayya ce ta jihohi. Sashe na 4 ya raba aikin yin doka. Akwai jeri na abubuwa 68 da aka rubuta a 1999 waɗanda Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar soja da kuɗin ƙasa da kwastan da hulɗa da ƙasashen waje da 'yan sanda. Akwai jeri na biyu wanda Tarayya da jiha suka yi tarayya a cikinsa, in dokokinsu suka saɓa ta Tarayya ta rinjaya. Duk abin da ba ya cikin jeri na farko, ba ya cikin na biyu, to na jiha ne ita kaɗai. Ku nemi sarauta cikin jerin nan biyu, ba za ku same ta ba. Saboda haka naɗa sarki da tuɓe shi da faɗaɗa ƙasarsa da rage ta, duk hurumin Kano ne. Haka abin yake tun kafin a yi jihohi. Da aka sa Sarki Muhammadu Sanusi na farko ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, gwamnatin Jihar Arewa ce ta Sardauna ta yi, daga Kaduna, ba a nemi iznin Ikko ba.

Kowane manomi a cikinku ya san hukuncin iyaka. In maƙwabcinka ya yi sakaci da gonarsa, ciyawa ta cinye ta, ko ya shuka abin da ba zai yi ba, kana iya yi masa nasiha, amma sakacinsa bai ba ka iznin tuge gamba ka matsa da iyaka ba. Ranar da dagaci ya yarda da hujjar cewa wanda ya fi iya noma shi ke da gona, ranar nan babu mai gona a garin sai mai ƙarfi.

To, ku dubi abin da ya faru bayan dokar 2024. A ranar da aka sa mata hannu, Babbar Kotun Tarayya a Kano, a gaban Mai shari'a Abdullahi Muhammad Liman, ta ba da umarnin a dakata, bisa ƙarar Alhaji Aminu Babba Ɗan'agundi. Ran 25 ga Mayu da asuba Alhaji Aminu Ado Bayero ya komo Kano, ya sauka gidan Nassarawa, soja da 'yan sanda suna gadinsa. Gwamna ya ce a kama shi, kwamishinan 'yan sanda bai kama ba. Tun daga nan garin ya zama da gida biyu, kowanne da dogarai da masu gaisuwa. 'Yan sanda suka hana hawan Babbar Salla a 2024, suka hana na Ƙaramar Salla a 2025, dawakin da aka yi wa kiwo a ƙauyuka suka kwana a turke. A watan Afrilu na 2025 har hedkwatar 'yan sanda ta aiko wa Sarki Sanusi takardar kira zuwa Abuja, daga baya ta janye.

Ran 10 ga Janairu 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce kotun Tarayya ba ta da hurumin shiga maganar sarauta tun farko. A watan Maris ta jingine zartar da hukuncin nata har Kotun Ƙoli ta duba. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, wannan hukunci ba sabo ba ne. Da gwamnan soja Yohanna Madaki ya tuɓe Sarkin Muri Umaru Abba Tukur a 1986, sarkin ya kai ƙara kotun Tarayya da sunan an keta haƙƙinsa, aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli, ta ce a 1989 asalin maganar sarauta ce, kotun jiha za a kai ta. Shekara 35 ke nan tsakanin wannan hukunci da umarnin da aka bayar a Kano. Lauyoyin da suka kai ƙarar sun san shi, babu shakka. Amma sun san wani abu kuma, cewa takardar kotun Tarayya ita ce 'yan sandan Tarayya za su riƙe su ce da ita suke aiki, ko da kotun jiha ta ba da wata takarda mai kishiyantar ta.

In wani ya ce, ashe kuna nufin gwamna ya yi abin da ya ga dama a jiharsa, babu mai ce masa kul? Sai mu ce masa a'a, ga hujja daga wannan sarauta ɗin dai. Ran 9 ga Maris 2020 gwamnatin Ganduje ta tuɓe Sarki Sanusi. Tuɓewar nan, ko ka so ta ko ka ƙi ta, cikin hurumin jiha take. Amma sai aka ɗauke shi da daddare aka kai shi Loko, daga nan Awe a Jihar Nasarawa, aka tsare shi, kamar yadda Turawa ke yi wa sarakuna a zamanin Razdan. Wannan kuwa ba hurumin kowa ba ne, domin babi na huɗu na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zuwa inda ya so, bai keɓe tsohon sarki ba. Ran 13 ga Maris kotun Tarayya a Abuja ta ce a sake shi, aka sake shi, kuma a watan Nuwamba na 2021 ta yanke cewa korar haramun ce a doka. Nan kotun Tarayya ta yi aikinta daidai, ta tsare mutum, ba ta taɓa rawani ba. Da wannan ma'auni kuma muke cewa umarnin kama Aminu Ado a 2024 saboda ya shigo garin haihuwarsa bai da madogara. Jiha na iya karɓe sandarsa, amma ba ta iya hana shi kwana a Kano.

Yanzu ku haɗa shekarun nan biyu ku auna. A 2020 gwamna ya ce a fitar da tsohon sarki daga gari, abin da doka ta hana, 'yan sanda suka yi nan take. A 2024 gwamna ya ce dokar majalisa ta sauke wancan ta ɗora wannan, abin da doka ta ba jiha, 'yan sanda suka kewaye gidan wanda aka sauke suna gadinsa. Rundunar ɗaya ce, tsarin mulkin ɗaya ne. Abin da ya sake shi ne, a 2020 gwamna da shugaban ƙasa jam'iyyarsu ɗaya, a 2024 kuwa dabam-dabam. Asirin yana cikin sashe na 214 da na 215. Na farko ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, ba a kafa wata. Na biyu ya ce gwamna na iya ba kwamishina umarni, amma kwamishina na iya cewa sai ya ji daga shugaban ƙasa ko ministansa. Ana kiran gwamna shugaban tsaron jiharsa, alhali ko kurtu ɗaya bai mallaka ba. An ba jiha ikon yin doka, an ajiye sandar zartar da ita a Abuja.

Ba a nan aka fara ba. A 2003 Majalisar Kano ta yi dokar Hukumar Hisba a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. A watan Fabrairu na 2006, zamanin Obasanjo, Sufeto Janar na 'yan sanda ya ce ya haramta ta, aka kama kwamandanta Malam Yahaya Faruk Cheɗi da mataimakinsa Malam Abubakar Rabo aka kai su Abuja. Kano ta kai ƙara Kotun Ƙoli, a 2007 kotun ta kori ƙarar, ta ce rigimar da 'yan sanda ce ba da Tarayya kanta ba, don haka ba a gabanta za a fara ba. Asalin tambayar, wato ko ma'aikacin Tarayya na iya soke dokar jiha da sanarwar baki, ba a amsa ta a can ba. A watan Janairu na 2020 kuma jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun, ministan shari'a Abubakar Malami ya ce haramun ce. Da yawa daga cikinmu a Arewa muka ji daɗi muka ce madalla, mun manta hujjar da aka buge Hisba da ita ce aka ɗauko. Shekara uku bayan haka, a watan Oktoba na 2023, maƙwabtanmu na Katsina, da ɓarayin daji suka ishe su, suka kafa tasu rundunar tsaron al'umma. Ku da kuke bin hanyar Dayi zuwa Malumfashi kun fi mu sanin dalili. Da hare-hare suka taɓa Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, babu wanda ya tsaya tambayar ko mai kawo ɗauki na jeri na farko ne ko na biyu.

Wannan ita ce cutar da muke so mu ambata da sunanta. Mutanenmu suna son iyaka ranar da jam'iyyarsu ba ta Abuja, suna raina ta ranar da take can. Kuma cutar ta tsufa. A 1953, bayan an yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko kan maganar mulkin kai, aka yi tarzoma a Kano a watan Mayu, majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas, suna neman kowace jiha ta riƙe al'amuranta, a bar wa tsakiya tsaro da kwastan da hulɗar waje. Daga wannan matsi aka sami tsarin tarayya na 1954. Arewa ce ta fi kowa ɗaga murya a kan iyaka. Amma da mulkin Ikko ya zo hannunmu, ran 29 ga Mayu 1962 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta dakatar da gwamnatinta, ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma. Shekara huɗu bayan haka Janar Ironsi ya yi doka ta 34 ran 24 ga Mayu 1966, ya soke tarayya gaba ɗaya, mu ne kuma muka fita titi muna cewa araba. Ƙofar da aka buɗe a 1962 har yanzu ana bi ta cikinta. Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato a 2004 da gwamnatin Ekiti a 2006, Tinubu ya dakatar da gwamnan Ribas da majalisarsa wata shida ran 18 ga Maris 2025. Jonathan kuwa ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, a tsakiyar yaƙi, bai taɓa gwamna ko ɗaya ba, wanda ya nuna cewa ana iya kai soja ba tare da an tumɓuke zaɓen jama'a ba.

Sau ɗaya muka ga an warke daga wannan cuta, kuma kun ci moriyarsa. Kun tuna canjin kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai masara ya kai kasuwar Getso ya rasa mai sayen ta da tsabar kuɗi, mai akuya ya sayar da ita da rabin daraja don ya sami takardar da zai riƙe. Kuɗin ƙasa na cikin jeri na farko, hurumin Tarayya ne tsantsa. Duk da haka gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, Kano da wasu suka bi, alhali su da Shugaba Buhari jam'iyyarsu ɗaya. Ran 3 ga Maris 2023 kotun ta ce ba a ba jama'a wa'adi mai ma'ana ba, ba a yi shawara da waɗanda ya wajaba a yi da su ba, tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Ko da niyyar gwamnonin nan ta zaɓe ce, kamar yadda ake faɗa, fa'idar ta isa ga talaka. Da babu jihohi masu tsayuwa da ƙafarsu, waɗanda sashe na 232 ya ba ikon kai Tarayya gaban Kotun Ƙoli kai tsaye, wa zai kai wannan ƙara? Mai masara?

In wani dattijo ya ce, mu mun ga 'yan doka, kada ku dawo mana da su, lalle maganarsa tana da nauyi, ba mu raina ta. Kafin zamanin Gowon kowace En'e na da 'yan dokarta da gidan yarinta da alƙalanta, kuma 'yan NEPU na ƙasar Kano sun sha ɗauri da bulala a hannunsu saboda sun yi lacca ba izni ko sun ambaci sunan sarki. Wanda ya ba gwamna bindiga ba tare da linzami ba ya maido da wancan zamani. Amma mun nuna muku a sama cewa runduna ɗaya ta Abuja ba ta kawar da zalunci ba, ta dai sa ya zama na wanda ke ɗasawa da Abuja. Magani shi ne a raba ikon a ɗaure kowane rabo. A Amurka jihohi da garuruwa da yawa na da 'yan sandansu, Kotun Ƙolinsu ma ta ce a 1997 Tarayya ba ta iya tilasta wa jami'an jiha su yi mata aikinta. Amma da gwamnan Arkansas ya tare 'ya'yan baƙar fata a ƙofar makaranta a 1957, Shugaba Eisenhower ya aika soja suka shigar da su, domin haƙƙin ɗan ƙasa ne aka taɓa. Jiha ta riƙe sandarta, Tarayya da kotuna su tsare mutum daga sandar, kamar yadda aka yi a maganar Awe.

Kuma gwamnoni su sani wanda ke kukan an ci iyakarsa bai kamata a same shi cikin gonar ƙaninsa ba. Daga asusun Tarayya, Abuja na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuwa 20.60. Rabon Abuja ya yi yawa, mun yarda. Amma rabon Gwarzo da na Kabo shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa a Kano, a saki abin da aka ga dama, a naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Wannan hali na gwamnoni, na kowace jam'iyya, shi ya ba ministan shari'a na Tarayya ƙofar kai jihohi 36 ƙara, har Kotun Ƙoli ta ce ran 11 ga Yuli 2024 a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Haka nan majalisar jiha, ikon da take da shi a kan sarauta amana ce daga gare ku, domin sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne. Dokar 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, ta 2024 ma haka, ba a zo Gwarzo ko Kabo ko Garo an zauna da kowa ba. Majalisar da ta saba yanke wa mutane hukunci ba ta ji daga bakinsu ba, ranar da Abuja ta taka ta, ba za ta sami masu tsaya mata da zuciya ɗaya ba.

Gyara kuwa mai yiwuwa ne, an ma taɓa yi. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu aka fitar da wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari daga hannun Tarayya ita kaɗai, aka ba jihohi ikon shiga. Hanyar tana cikin sashe na 9: kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai, sa'an nan majalisun jihohi 24 cikin 36. Ku kuwa ba ku yi nisa da wannan ƙofa ba. Sanata Barau Jibrin ɗan Kabo ne, an zaɓe shi mataimakin shugaban Majalisar Dattawa a 2023, aka ba shi shugabancin kwamitin gyaran tsarin mulki a 2024. Kuna da wakili ɗaya na Gwarzo da Kabo a Majalisar Wakilai, kuna da naku a majalisar Kano. In sun zo gaisuwa ko ta'aziyya ko neman ƙuri'a, bayan an gama maganar taki da rijiya, ku tambaye su ina suka tsaya a kan sashe na 215, da sharuɗɗan da za a ɗaura wa gwamna in an ba shi runduna: wa zai naɗa shugabanta, wa zai tuɓe shi, ina talaka zai kai kuka in an zalunce shi, kuma me zai hana a aike ta rumfar zaɓe. Na majalisar Kano kuma ku nemi su rubuta cikin doka cewa ba za a sake ɗauke wata ƙasa daga masarauta zuwa masarauta ba sai an zo an zauna da mutanenta a fili. Amsar da kowannensu ya bayar, a sa mai rubutu ya rubuta ta da ranar da aka faɗe ta, a ajiye, domin a karanta masa ita in ya sake jam'iyya ko Abuja ta sake hannu.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Haza wassalam.